Azurfar da Ba a Huda Ba

A garin nan na Alƙahira ƙarfe ba ya yin shiru. Tun da hantsi mai tukunyar gas zai shigo lungunmu a kan keke yana dukan tukunyar da sifana, ƙwan-ƙwan-ƙwan, har cikin haƙorin mutum. Bai gama wucewa ba mai sayen tarkace ya iso da jakinsa yana kwarara ihu, ga ƙahon motoci da ba su san gajiya ba. Ina zaune a bakin taga, hawa na huɗu a unguwar Dokki, ina jin su duka, amma a cikin wannan hayaniya babu kukan ƙarfe ko ɗaya da kunnena ya sani. Ni 'yar maƙerin farfaru ce. Da kukan azurfa aka yaye ni. Yau kuwa ko a shagon masu sayar da ita ba ka jin sa, sai dai ka ga sun ɗora ta a kan wani ɗan sikeli mai wuta suna leƙen lamba.

Maƙerar babanmu a zaure na biyu take, inda hayaƙi ya mayar da azara baƙa ƙirin. Da yake Allah bai bar masa ɗa namiji ba, ni ce mai zuga. Mutane sun yi ta surutu, wai ina aka taɓa ganin 'ya mace a bakin wuta, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Nakan durƙusa da zuga-zugi a hannu, fuu-fa, fuu-fa, har kafaɗuna su mutu, idona a kan yatsunsa. Akwai wani faffaɗan dutse kusa da gwiwarsa ta dama. Duk wadda ta aiko da azurfa, ko tsohuwa ta zo da kanta ta kwance bakin zane, ba ya fara dubawa da ido. Sai ya ɗaga ta da yatsa biyu ya sake ta a kan dutsen. Ta gaskiya takan yi kuka siriri mai tsawo, tinnn, ta yi ta rawa kafin ta kwanta, kukan ya bi zauren ya fita waje. Wadda aka cakuɗa da dalma kuwa sai ta ce tab, ta yi lakwas. Sai ya tura ta da bayan hannu ya ce, "Wannan bebiya ce, Iya. Mayar wa wanda ya ba ki, ki ce ina gaishe shi." Tsohuwa ta yi ta salati, 'yan zaman zaure su yi ta dariya.

Wanke ta kuma aikinmu ne, ni da ƙanwata, wadda na girme da shekara huɗu. Mu kwashi tokar murhu mu tankaɗe, mu jiƙa tsamiya a ƙwarya, mu zauna a gindin rijiya da tsumma muna dirza mundaye da zobba har yatsunmu su yi yaushi su yi zafi. Innarmu ba ta karɓar aiki sai ta ga haƙoranta a jikin ƙarfen. Idan ta je gidan biki ta ga matar gidan da munduwa mai duhu, takan dawo ta ce ita kam ba ta iya cin tuwonsu ba. Haka aka raine mu. Duhu a jikin azurfa ƙazanta ne, ba shi da wani suna.

A lokacin, yawancin azurfar da ake narkawa kuɗin wasu ƙasashe ne. Akwai mai hoton wata tsohuwa mai ƙiba, wadda alhazai ke dawowa da ita. Akwai ta Faransa da ke gangarowa daga arewa. Akwai kuma wadda mata ke ce wa mai mikiya, babba, mai nauyi, gefe ɗaya kan mace ne da gashi a nannaɗe, ɗaya gefen tsuntsu ya buɗe fukafukai. Ba ta da yawa. Wasu sun ce masu aikin jirgin ruwa ne ke haurowa da ita daga kurmi, wasu sun ce fatake. Ba mu san ta Amurka ba ce, ko sunan ƙasar ba mu taɓa ji ba. Abin da muka sani shi ne ta fi kowace daɗin kuka, kuma tana aiki. Jaririn da cibiyarsa ta turo, da ita ake ɗaure masa ciki. Mai haƙori a ba shi ya yi ta cizo saboda sanyinta. Ta sha nono, ta sha gumi, ta sha hayaƙin murhu, har fuskar matar nan ta shafe ta zama sumul kamar tafin hannu.

A gidanmu akwai wata al'ada da babanmu ya gada. Ranar sunan 'ya mace, uba zai ware mai mikiya ɗaya, wadda ta fi sabunta a cikin abin da ya shigo hannunsa, ya naɗe ta a ƙyallen saƙi ya ajiye. Ba a taɓa ta, ba a wanke ta, ba a ko gwada kukanta, sai ranar da yarinyar ta shiga lalle. Ranar ne zai fito da ita, a dirje ta fes, ya huda ta da hannunsa, a zura zare a rataya wa amarya. Innarmu ta bayyana mana dalili muna tankaɗe. Ta ce muddin ba ta da huji kuɗi ce, kowane namiji na iya sa ta a aljihu ya nufi kasuwa, miji ne ko wa ko ƙanin miji. Da zarar an huda ta kuwa ta bar kasuwa, ta zama ta wuya, kuma babu namijin da zai miƙa hannu wuyan mace ya tsinka zare ba a yi da shi a gari ba. Mu biyu muna da namu ƙunshin a cikin tukunyar da ke ƙarƙashin gadon Inna. Ƙanwata takan leƙa ta ce mini nata ya fi nawa girma, alhali ko buɗewa ba ta taɓa yi ba.

Ba ta kai lalle ba. Wata bazara mai zafin da kaza ke buɗe baki, sanƙarau ya shigo unguwa. Da safe muna wanke-wanke ta ce mini wuyanta ya ƙi juyawa. Na ce ƙiwa ce, har na dungure mata kai. Wannan dungurin ina jin sa a ƙashin yatsana har yau. Kwana uku ta yi. Ba ta fi shekara takwas ba. Bayan an yi sadakar uku, da hantsi, babanmu ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙunshinta ya ce in zo in hura wuta. Na durƙusa ina zuga, gawayi ya yi ja, ya ɗora kaskon narki. Sai ga Inna a cikin zaure. Matar da ban taɓa ganin ta taka zauren nan da rana ba, ga maza zaune 'yan gaisuwa, ta shigo ko mayafin kirki babu, ta ɗora tafin hannunta a bisa bakin kaskon.

Babanmu ya ce, "Janye hannunki, za ki ƙone."

Ta ce, "To in ƙone."

"Mai ita ta tafi. Me za a yi da ita? Ina ganin ƙyallen nan ba na iya barci."

"Ba za a narka ta ba. Ba a yi mata huji ba, sai kuma a hana ta ko wuyan da za ta hau?"

Na ji ƙaurin fata kafin ya ture kaskon da awartaki. Maza suka sunkuyar da kai, suka fice ɗaya bayan ɗaya. Inna ta karɓi ƙunshin da hannun da bai ƙone ba, ta juyo ta dube ni, ni da ban wuce sha biyu ba, ta ce, "Ke. Ki riƙe. 'Ya macen da ta fara kai lalle daga jikinki, a wanke, a huda, a rataya mata. Kin ji ko ba ki ji ba?" Na ce na ji. Tabon nan yana tafinta har ranar da muka yi mata wankan gawa.

Tawa an huda ta a lokacinta, na sha ta a wuya shekaru, ta tafi shekarar da gero ya ƙi, lokacin da mata suka tsinka zarensu da hannunsu don yara su ci. Ta ƙanwata kuwa ko a ranar da muka kwana da ruwan kanwa a ciki ban kwance ta ba. Na sa dukawa sun ɗinka mata 'yar jakar fata, na ɗaura a ƙugu. Na yi ta jiran 'ya mace, Allah ya yi ta ba ni maza. Mace ɗaya tak da na samu ko suna ba ta kai ba.

Na farin cikinsu shi ne wanda nake zaune a gidansa yanzu. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba. A inda na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama hira da shi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Yaya, don abin da ya ji ƙannen ubansa na kirana ke nan. In zan ba shi tuwo sai in ajiye in ce wa bango, "Ga abinci nan." In ya yi zazzaɓi sai in laɓe a bayan zana ina sauraron numfashinsa, wata ce za ta shiga ta taɓa goshinsa. Matan yanzu na gani suna rungume ɗan fari a gaban surukai suna ce masa masoyi, ko a jikinsu. Mu an ce mana wannan rashin ta-ido ne, muka yarda, muka riƙe. Ya zo Masar karatu yana saurayi, ya zauna, ya zama mai yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci. Ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya, matar ta rasu yarinyar tana 'yar shekara goma. Da yanar ido ta rufe mini gani ya aiko aka kawo ni. Aka yi aiki, na warke, na duba na ga gida babu mace babba, ban koma ba.

Da idona ya buɗe ne na ga abin da yake yi da yammacinsa. Akwai wani kabad a falo mai aljihuna sirara. Ya dawo aiki, ya yi wanka, sai ya sa farar safar hannu kamar mai shirin taɓa gawa, ya jawo aljihu ɗaya. Mai mikiya ce reras, jere-jere, kowace a cikin ɗan gidan roba mai haske, an rufe ta ruf. Jikata ta ce tun rasuwar uwarta ya fara, wani tsohon likita ne ya koya masa, kuma duk Juma'a yana zaga masu tsofaffin kaya yana nema. Ba ya sayarwa. Ba ya sa wa kowa. Ba ya gwada kukansu, wai faɗuwa tana yi musu rauni. Wasu sun yi baƙi, wasu shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara, kuma wai waɗannan ne ma masu daraja. Ranar da na ce wa yarinyar ta samo mini lemun tsami in taimaka masa da wanki, saura kaɗan ta shaƙe da shayi.

"Kaka, rufa mana asiri! In kika wanke ko ɗaya, Baba zai kwanta asibitin da yake aiki."

Na ce, "Ke Balarabiya, ubanki dai ƙazami ne, faɗa masa in ji ni."

"Yana jin ki ai, ga shi nan zaune."

"Ba da ke nake magana ba?"

Haka muke yi. Ita ce bakina, ita ce bakinsa. Yakan ɗaga guda a gaban fitila da gilashin ƙara girma a ido, ya yi ta yi wa 'yarsa bayani da ƙarfi, ga shekarar da aka buga ta, ga garin da aka buga ta, ga gashin matar bai goge ba. Yarinyar tana danna waya ko saurare ba ta yi. Na san ba ita yake faɗa wa ba. Ni kuma ina gefe ina jan carbi kamar ba na ji, alhali ina kallon yadda yake juya azurfa da yatsa biyu. Hannun babana ne sak, mutumin da bai taɓa gani ba.

Ashe tun ranar aikin idona ya san da wadda ke ƙuguna. Ma'aikatan asibiti sun ce a cire komai na jiki, na kwance jakar fatar na ajiye a kan gado, shi ya ɗauka. Ya farke ɗinkin ya duba, ya sa aka mayar, ya yi shiru da bakinsa wata da watanni. Sai da aka sa ranar auren yarinyar, da wani yaron kirki Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Ard al-Liwa, na ce mata ta gaya wa ubanta ina neman maƙeri, akwai azurfar da za a huda mata. Yana tsaye a bakin kicin. Kofin da ke hannunsa ya ajiye a hankali.

Ya ce, "Ce wa Yaya na ga abin da ke cikin jakar. Ta yafe mini, na buɗe."

Na ce, "Ce masa na san an taɓa ɗinkin. Ba makauniya ba ce ni yanzu."

"Ce mata shekara goma sha ina neman irinta. Akwai wasu 'yan haruffa biyu a ƙarƙashin tsuntsun. Gidan da ya buga ta ya rufe tun kafin a haifi babanta. Kuma ban taɓa ganin wadda hannu bai taɓa ba kamar wannan, ko a hoto. Kamar jiya aka buga ta. Ta yaya ma aka yi ta zauna haka?"

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Amsar tana kan harshena: ta zauna haka ne don mai ita ta mutu tana 'yar shekara takwas. Amma wannan magana ce ta zama, ta kallon ido, ta hawaye wataƙila, kuma ban taɓa yin ko ɗaya da shi ba. Ba kuma zan ba yarinya mai shirin lalle labarin gawa ta kai masa ba. Sai na ce, "Ce masa ta gado ce, kuma huda ta za a yi."

Ya ce, "Ce mata zan sai wa yarinyar zinariya, sarƙa da 'yan kunne da warwaro, duk wanda ta nuna. Wannan kuwa a bar ta yadda take. Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. Ko a hannunta ta zauna, ni dai kada a huda."

Yarinyar ta dube ni ta dube shi ta ce, "Ni fa kun gajiyar da ni. Khalas, Kaka, ki bar masa mana. Ni ina zan kai wannan faranti a wuya? Ƙawayena su ce na ci gasar gudu?"

Washegari ya kawo ɗan gidan roba sabo ya ajiye a bakin ƙofata. Na ɗauka ban ce komai ba. Shi ya ɗauka shirun nan yarda ce. Na ji shi yana waƙa a banɗaki.

Ni kuwa abin da na gani daban ne. Namiji ya ga azurfa marar huji, idonsa ya yi haske. Na san wannan hasken, na gan shi a idon maza da yawa. Ban tsaya na tambayi kaina ko nasa irin nasu ne ba.

Saura kwana biyar lalle na saci jiki bayan azahar na gangara wani ɗan shagon azurfa da nake wucewa in za ni masallaci. Mai shagon tsoho ne, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannu. Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba, sai na ajiye ta a gabansa na nuna masa da yatsa inda za a huda. Ya sa gilashi ya duba, ya juya ta, ya sake dubawa. Ya cire gilashin ya dube ni kamar na ce ya yanka jariri. "La, ya hagga. La, la." Wato a'a, hajiya. Ya jawo aljihu ya fito da wata 'yar ƙawanyar azurfa mai kunne, ya nuna mini yadda za a zaunar da ita a ciki a rataya ba tare da an taɓa jikinta ba. Na gane sarai abin da yake nufi, ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba. Amma abin da aka zaunar a ƙawanya ana iya ciro shi a mayar aljihu, kuma ba ƙawanya Inna ta ce mini ba. Na miƙa hannu. Ya riƙe ta kaɗan kafin ya sake, yana cewa ma'alish, ma'alish, ban san ko ni yake ba haƙuri ko ita ba.

A garin nan ko toka sai an nema. Kwana uku ina tara ta kaskon turaren wuta. Ƙusa kuma a wajen mai gadin gidan na karɓa, na ce hoto zan rataya. Ranar da za a sa lalle da yamma, da safe uban ya tafi aiki, yarinyar ta tafi gyaran gashi, na rufe ƙofa na zauna a ƙasan kicin. Na buɗe ƙyallen saƙin, ya ruɓe yana marmashewa. Ta yi wani irin launi, baƙi a gefe, ja da shuɗi a tsakiya kamar sararin magariba. Na tsaya kallonta fiye da yadda na yi niyya. Sannan na matsa lemun tsami a toka na dirje ta, launin ya bi tsumma ya tafi. Na ɗaga ta na sake a kan tayil. Shekara sittin da wani abu tana ƙuguna ban taɓa jin muryarta ba. Ta yi kuka har sai da na dafa bango.

Babanmu yakan ɗora ta a kan dunƙulen dalma, ya sa ƙarfen huji mai kaifi, bugu ɗaya ya wuce. Na ga ya yi haka sau ba adadi. Amma gani nake yi, zuga ce aikina, bai taɓa ba ni masaba ba. Na ɗora ta a kan katakon yanka albasa, na kafa ƙusa a saman kan matar, na ɗaga taɓaryar ƙarfen da ake daka tafarnuwa. Bugun farko ƙusar ta zame, ta ja wata doguwar tsaga daga goshin matar har haɓa. Na biyu ta lotsa. Ban san ko sau nawa na buga ba. Da ƙusar ta fita ta baya, azurfar ta lanƙwashe kamar murfin gwangwani, hujin ya karkace, bakinsa ya yi ƙaya, babban yatsana yana zubar da jini a kan katakon. Na wanke ta, na ɗora a faranti, na kai falo na ajiye a kan tebur, na zauna ina jira. Ban ɓoye ba. Ban saba ɓoye abin da na yi ba.

Da la'asar ya shigo da ledojin lemo na baƙi. Ya gani tun daga ƙofa. Ya ajiye ledojin, ya zo ya tsaya a kan farantin. Bai taɓa ba. Yarinyar ba ta dawo ba, mu biyu ne kawai a gidan, babu wanda za a ce wa ce masa ko ce mata.

Ya ce, "Yaya. Me na yi miki?"

Tun da na haife shi bai taɓa yi mini tambaya ido da ido ba. Na kalli kabad ɗin, na ba kabad ɗin labari. Na faɗi zafin bazarar nan, da wuyan da ya ƙi juyawa, da dungurin, da kaskon narki, da tafin Inna. Muryata ba ta yi rawa ba.

Ya ce, "Ashe kina da ƙanwa."

Na ci gaba da kallon kabad ɗin.

"Na haura hamsin ban san kina da ƙanwa ba. Da kin faɗa mini wannan ranar a bakin kicin, da ni zan kai ta a huda. Da hannuna zan riƙe ta. Da an yi mata huji mai kyau, ba wannan ba." Ya nuna tsagar fuskar. "Kin zaci sata zan yi."

Ban ce a'a ba, don zaton da na yi ke nan. Ban kuma ba shi haƙuri ba. Ban san yadda uwa ke ba ɗan fari haƙuri ba, ban taɓa ganin an yi ba.

Ya shiga ɗaki ya fito da ɗan magagari. Ya zauna a ƙasa, babu safar hannu, ya ɗauke ta da yatsu tsirara ya shiga goge ƙayar bakin hujin, a hankali, yana hurewa, yana shafawa da ɗan yatsa, don kada ta yanki wuyan 'yarsa. Ya zura zaren da na tanada ya ƙulla. Ya ajiye a gabana, ya dubi yatsana, ya ɗauko filasta ya ajiye kusa da ita, ya tashi ya tafi shirya kujeru.

Na rataya wa yarinyar da yammar nan a gaban mata. Ta sunkuyo ta raɗa mini, "Tsohuwa, kin dai yi abin da kika ga dama," ta tura ta cikin riga. Ko tana sawa yanzu, ko tana cikin wani akwati a gidan mijinta, ban bincika ba. An ce in wanke, in huda, in rataya. Na yi. Ƙuguna ya yi sakayau, har yanzu nakan kai hannu in ji babu.

Tun da aka kai amarya gidan ya rage mu biyu. Yana gaishe ni safe da yamma, yana durƙusawa har ƙasa, fiye ma da da. Maganina ba ya yankewa, goro ba ya yankewa. Amma bai sake jawo aljihun kabad ɗin a gabana ba, bai sake ɗaga wata a fitila yana bayani da ƙarfi ba. Yakan ci abincinsa ya shige ɗaki. Da can ina ganin hirar nan tasa shirme ce, babban mutum yana wasa da kuɗin da ba ya kashewa. Sai da ta ɗauke na gane ita kaɗai ce hirar da muka taɓa yi.

Juma'ar da ta wuce, ina bakin taga, na ga ya fito daga gidan da wata baƙar jaka mai nauyi, har kafaɗarsa ta karkata. Ya tsayar da tasi ya shiga. Bayan sallah ya dawo hannu sake. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, barka da Juma'a." Na ce wa bango barka kadai. Da ya shiga ɗaki na tashi na je na tsaya a gaban kabad ɗin, na ɗora hannu a kan aljihun sama, ban ja ba. Ina so in san inda ya kai su, ko bayarwa ya yi, ko sayarwa, ko ajiya ya kai inda hannuna ba zai kai ba. Tambaya ce 'yar ƙarama, yana bayan ƙofar nan, taku biyar tsakaninmu. Amma babu wanda zan aika.